Idan CPU Ta Cika a Sabar MySQL: Yadda Ake Gano Musabbabi Kafin a Taɓa Komai

Galibi a ranar da ba a so ne abin yake faruwa: ranar buɗe rajistar ɗalibai, ranar sakin sakamako, ko ƙarshen wata lokacin biyan albashi. Shafi ya fara jan ƙafa, waya ta hana ka sakat, ka shiga sabar ka tarar CPU ta kai maƙura, sunan mysqld, wato manhajar MySQL da ke gudana, kuma shi ne a saman jeri. Abu biyu ne ke fara faɗo wa mutum a rai, ya sake kunna MySQL ko ya biya a ƙara wa sabar girma. Ka dakata da duka biyun tukuna. Sake kunnawa yana share shaidar abin da ke faruwa, yana kuma zubar da mafi yawan bayanan da MySQL ta tara a RAM, ta dawo tana karatu daga faifai a daidai lokacin da jama'a suka fi yawa. Ƙarin girma kuwa kuɗi ne da za ka riƙa biya duk wata, sau da yawa da dala, alhali tambayar SQL guda ɗaya marar kyau tana iya cinye sabuwar sabar kamar yadda ta cinye tsohuwar da zarar bayanai sun ƙaru.

Wannan jagora ta ginu a kan MySQL da MariaDB a kan Linux, domin su ne aka fi samu a bayan WordPress, Moodle da manhajojin PHP da Laravel.

Mataki na farko: tabbatar cewa CPU ce ke wahala

Ka buga waɗannan ukun a jere:

```
nproc
uptime
top
```

Na farko zai faɗa maka yawan ƙwayoyin furosesa (cores na CPU) da sabar ke da su. Na biyu zai ba ka lambobi uku na nauyin aiki, na minti 1, minti 5 da minti 15 da suka wuce. Lambobin ba su da ma'ana sai an auna su da yawan ƙwayoyi: nauyin 6 a sabar mai ƙwaya 8 ba abin tashin hankali ba ne, amma a mai ƙwaya 2 yana nufin ayyuka sun yi layi. A Linux, wannan lamba tana haɗawa da ayyukan da ke jiran faifai, saboda haka tana iya hawa sama alhali furosesa tana zaune ba aikin komai.

Layin da ke raba gardama shi ne wanda ya fara da `%Cpu(s)` a cikin top. Idan `us` ne ya yi yawa, manhaja ce ke aiki tuƙuru, kuma a sabar rumbun bayanai wannan kusan kullum tambayoyin SQL ne. Idan `sy` ne, Linux kanta ce ke shan wahala, misali wajen buɗe haɗi da rufewa babu ƙaƙƙautawa ko sauya hannu tsakanin zaruruwa (threads, wato ƙananan layukan aiki a cikin manhaja) masu yawan gaske. Idan `wa` ne, faifai ake jira, kuma ƙarin furosesa ba zai amfana maka komai ba. `iostat -x 1` da `vmstat 1` ne za su nuna maka gaskiyar lamarin, musamman ginshiƙan `si` da `so` na vmstat, waɗanda idan suna motsi to RAM ta ƙare, sabar ta koma ajiye abubuwa a faifai.

Sai `st`, wanda mutane da yawa ba sa kallo. A sabar haya ta VPS, wannan lamba ita ce lokacin da sabar ɗinka ta nemi furosesa aka hana ta, saboda maƙwabta a kan injin ɗaya ko saboda iyakar da kamfani ya sa. Sabobin t2 da t3 na AWS, sashen hayar sabobi na Amazon, suna aiki da makin da ake tarawa lokacin da aiki ya yi sauƙi. Idan makin ya ƙare, ko dai a rage musu gudu ko a fara cajin ƙarin kuɗi, gwargwadon tsarin da aka zaɓa. Idan `st` ya tsaya a sama na tsawon lokaci, maganar ta kamfanin haya ce, ka nufe su da hoton allon a hannu.

Ka danna lamba 1 a cikin top don ganin kowace ƙwaya daban. Ƙwaya ɗaya a cike sauran suna hutawa alama ce ta tambaya guda mai nauyi, domin MySQL tana gudanar da tambaya ta yau da kullum a kan zare ɗaya ne. Duka a cike kuwa tambayoyi ne da yawa a lokaci guda. Kada ka firgita idan ka ga mysqld da kashi 380; top tana lissafa kowace ƙwaya a matsayin 100, ke nan ƙwaya huɗu ce ta kusa cika.

Mataki na biyu: wa ke cin furosesar?

Ka duba sunan da ke saman jerin da kyau. A ƙananan sabobi inda aka haɗa komai wuri ɗaya, sau da yawa php-fpm ne, mai gudanar da PHP, ko gzip da ke matse kwafin ajiya. Idan ka ga baƙon suna irin `xmrig` ko `kdevtmpfsi`, ko wani aiki da ke gudana daga `/tmp`, an shigo maka an dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto. Wannan ya fita daga batun gyaran gudu. Kashe aikin ba ya wadatarwa, domin yakan dawo ta hanyar cron, mai gudanar da ayyuka bisa jadawali a Linux. Abin da ya dace shi ne a gina sabuwar sabar, a canza duk kalmomin sirri, a kuma rufe tashar 3306 daga intanet.

Mataki na uku: adana shaida

Idan mysqld ce, ko mariadbd a sababbin sigogin MariaDB, kafin komai ka ajiye hoton abin da ke gudana:

```
for i in $(seq 1 24); do date; mysql -e "SHOW FULL PROCESSLIST"; sleep 5; done > /root/shaida.txt
```

Minti biyu ke nan na shaida. Ko da daga baya oga ya matsa sai an sake kunnawa, kana da abin bincike.

Yayin da wannan ke tafiya, ka buɗe wata taga ka shiga MySQL:

```
SHOW GLOBAL STATUS LIKE 'Threads_running';
SHOW GLOBAL STATUS LIKE 'Threads_connected';
```

Ta biyun yawan haɗin da ke buɗe ne, kuma ɗaruruwan haɗi masu alamar `Sleep` ba sa cin furosesa. Ta farkon ita ce mai muhimmanci, wato waɗanda ke aiki yanzu-yanzu. Idan ta ninka yawan ƙwayoyinka sau da yawa kuma ta ƙi sauka, ayyuka suna shigowa fiye da yadda suke fita.

A cikin jerin da `SHOW FULL PROCESSLIST` ya fitar, ka kula da ginshiƙan `Time`, `State` da `Info`. Abin da kake nema shi ne maimaici: tambaya mai siffa ɗaya da ta bayyana sau ashirin ko talatin, lambar da ke ciki kawai ke canzawa. Idan kuma yawancinsu suna cewa `Waiting for table metadata lock`, to jira suke yi, wani ne ya riƙe tebur, kuma shi za ka nema.

Idan ƙwaya ɗaya ce a cike, akwai hanyar kama mai laifi kai tsaye. Ka ga zaruruwan MySQL ɗaya bayan ɗaya:

```
top -H -p $(pidof mysqld)
```

Ka ɗauki lambar zaren da ke sama, a ce 21734, ka tambayi MySQL ko na wane ne:

```
SELECT PROCESSLIST_ID, PROCESSLIST_USER, PROCESSLIST_TIME, PROCESSLIST_INFO
FROM performance_schema.threads
WHERE THREAD_OS_ID = 21734;
```

Wannan yana aiki daga MySQL 5.7 zuwa sama, kuma zai fito maka da tambayar da mai ita.

Mataki na huɗu: lissafin jimla

A nan ne mafi yawan bincike ke ɓata hanya. Ido yana tafiya ne kan tambayar da ta daɗe, rahoton da ya ɗauki sakan 30. Amma ka yi lissafi. Rahoton da ake buɗewa sau ɗaya a awa yana cin sakan 30 a cikin sakan 3,600. Tambayar da ke ɗaukar sakan 0.02 kacal, amma ana kiran ta sau 500 a kowane sakan, tana buƙatar aikin sakan 10 a cikin kowane sakan ɗaya, wato ƙwaya goma cur. Irin wannan ba za ta taɓa shiga kundin tambayoyi masu jinkiri ba, domin iyakar da MySQL ke zuwa da ita a `long_query_time` sakan 10 ce, kuma da ƙyar za ka kama ta a jerin da ke gudana tun da tana shiga tana fita kafin ƙiftawar ido.

MySQL tana ajiye wannan lissafi da kanta. Tana haɗa tambayoyi masu siffa ɗaya wuri guda, ta tara lokacinsu:

```
SELECT LEFT(DIGEST_TEXT, 120) AS tambaya,
       COUNT_STAR AS sau_nawa,
       ROUND(SUM_TIMER_WAIT / 1e12) AS jimlar_sakan,
       SUM_ROWS_EXAMINED AS an_duba,
       SUM_ROWS_SENT AS an_bayar
FROM performance_schema.events_statements_summary_by_digest
ORDER BY SUM_TIMER_WAIT DESC
LIMIT 10;
```

Lissafin ya faro ne tun daga kunna MySQL na ƙarshe, saboda haka yana iya cakuɗa matsalar yau da ta makon jiya. Ka adana sakamakon farko, sannan ka share teburin da `TRUNCATE TABLE performance_schema.events_statements_summary_by_digest;`, ka jira minti goma, ka sake tambaya. Wannan sharewa ba ta taɓa bayanan manhajarka, ƙididdiga kawai take gogewa.

Ginshiƙai biyun ƙarshe su ne na fi dogara da su. Jimlar lokaci tana haɗawa da lokacin jiran makulli, wanda ba aikin furosesa ba ne, amma yawan layukan da aka duba aiki ne na zahiri. Tambayar da ta duba layi miliyan 400 don ta ba da layi dubu 2 ita ce ke ƙona maka furosesa, ko da kowane kira nata gajere ne.

A MariaDB, performance_schema tana zuwa a kashe, kuma kunna ta yana buƙatar sake kunna sabar. Maimakon haka ka yi amfani da kundin jinkiri:

```
SET GLOBAL slow_query_log = 'ON';
SET GLOBAL long_query_time = 0;
```

Sifili yana nufin a rubuta kowace tambaya. Ka bar shi na 'yan mintoci kawai, idonka a kan sararin faifai, sannan ka mayar da shi 1. Sabon saitin yana hawa kan sababbin haɗi ne kaɗai, don haka manhajar da ke riƙe haɗinta a buɗe ba za ta bayyana nan take ba. Bayan haka ka miƙa fayil ɗin ga `pt-query-digest` na Percona Toolkit, zai jera maka tambayoyin bisa jimlar lokacin da suka ci. Idan ba ka da shi, `mysqldumpslow -s t` yana zuwa tare da MySQL kuma ya isa a fara da shi.

Mataki na biyar: me ya sa tambayar take wahala?

Ka ɗauki ta saman jerin, ka sa mata lambobi na gaske, ka rubuta `EXPLAIN` a gabanta. Wurare huɗu za ka duba. `type` idan ya ce `ALL`, MySQL tana karanta teburin daga farko har ƙarshe, kamar mai neman suna ɗaya a rajistar makarantar da ba a jera bisa harafi ba. `key` idan ya ce `NULL`, ba a yi amfani da fihirisa (index, jerin da ke kai MySQL ga layi kai tsaye) ba. `rows` ƙiyasin layukan da za a duba ne. `Extra` kuma idan ya nuna `Using filesort` ko `Using temporary` a kan layuka masu yawa, ana jera sakamako ko gina tebur na wucin gadi a kowane kira. Daga MySQL 8.0.18 akwai `EXPLAIN ANALYZE`, mai ba da lokacin gaske, sai dai yana gudanar da tambayar ne da gaske, kada ka gwada shi a sabar da ke numfashi da ƙyar.

Rashin fihirisa gaba ɗaya shi ne mafi sauƙin ganewa. Wanda ya fi ɓoyewa shi ne a ce fihirisar tana nan amma yadda aka rubuta tambayar ya hana amfani da ita. A ce akwai teburin ɗalibai, lambar waya a ginshiƙin rubutu irin VARCHAR, da fihirisa a kansa:

```
SELECT * FROM dalibai WHERE lambar_waya = 08000000000;
```

Babu alamar zance a gefen lambar, saboda haka MySQL za ta mayar da kowace lambar waya da ke teburin zuwa adadi kafin ta kwatanta, layi bayan layi. Da an rubuta `'08000000000'` fihirisa za ta yi aiki nan take. Alamomi biyu ƙanana ne ke tsakanin duba layi ɗaya da duba teburin duka.

Haka nan sa aiki a kan ginshiƙi:

```
WHERE DATE(lokacin_biya) = '2024-09-02'
```

A rubuta shi haka:

```
WHERE lokacin_biya >= '2024-09-02' AND lokacin_biya < '2024-09-03'
```

Sakamakon ɗaya ne, amma na biyun yana bin fihirisa. `LIKE '%Musa%'` shi ma ba ya iya bin fihirisa ta yau da kullum saboda alamar da ke farkonsa. Akwatin neman suna da ke tura tambaya a duk harafin da aka danna yana iya durƙusar da sabar shi kaɗai. `ORDER BY RAND()` a babban tebur da `LIMIT 20 OFFSET 500000` duk dangi ɗaya ne.

Akwai wata da ta shafe mu kai tsaye. Tsarin haruffa na latin1 ba ya ɗaukar ɓ, ɗ da ƙ, don haka sai a mayar da teburin sunaye zuwa utf8mb4 a bar sauran yadda suke. Idan aka haɗa teburan biyu ta ginshiƙin rubutu, kamar lambar rajista, dole MySQL ta sauya tsarin ɗaya zuwa ɗayan, kuma fihirisar ɓangaren da ake sauyawa ta tashi a banza. `SHOW CREATE TABLE` a kan teburan biyu zai tona wannan. Gyaran shi ne a mayar da su tsari ɗaya.

Idan za ka gina fihirisa mai ginshiƙi fiye da ɗaya, jerin yana da muhimmanci. Ga tambayar da ke neman biyan kuɗin ɗalibi ɗaya a tsakanin wasu ranaku, ginshiƙin da ake kwatantawa da alamar daidai shi ne a gaba, na tazara a baya: `(dalibi_id, lokacin_biya)`. MySQL tana karanta fihirisa daga hagu, saboda haka wannan ba za ta taimaki tambayar da ke neman kwanan wata kaɗai ba. Kada kuma ka bi kowane ginshiƙi da fihirisa don neman tsira, kowace ɗaya ƙarin aiki ce a duk lokacin da aka shigar da layi ko aka gyara shi.

Wani lokaci tambaya ta daɗe tana aiki lafiya sai kwatsam ta lalace ba tare da an taɓa ta ba, musamman bayan shigar da bayanai masu yawa. `ANALYZE TABLE` yana sabunta ƙididdigar da MySQL ke zaɓen hanya da ita, kuma sau da yawa shi ke nan.

Mataki na shida: kashe wutar da ke ci yanzu

`KILL QUERY` tare da lambar da ke ginshiƙin `Id` yana tsayar da tambayar ya bar haɗin. `KILL` kaɗai yana yanke haɗin duka. Ga SELECT babu fargaba. Ga babban UPDATE ko DELETE da ya daɗe yana tafiya, ka yi tunani sau biyu: InnoDB, injin ajiyar tebura na MySQL, za ta warware duk abin da ya riga ya yi, warwarewar tana iya fin aikin farko daɗewa, kuma sake kunna sabar ba ya kuɓutar da kai domin za ta ci gaba da warwarewar bayan ta tashi.

Kashe tambaya ba ya hana manhaja sake turo ta. Idan shafi ɗaya ne tushenta, kamar na rahoto ko na nema, a rufe shi na ɗan lokaci. MySQL tana da `max_execution_time` da ke yanke SELECT da ya wuce iyaka, ana ba shi lamba a milisakan. Takwaransa a MariaDB shi ne `max_statement_time`, a sakan.

Ƙara fihirisa a tebur mai aiki ana yin sa haka:

```
ALTER TABLE biyan_kudi
ADD INDEX idx_dalibi_lokaci (dalibi_id, lokacin_biya),
ALGORITHM=INPLACE, LOCK=NONE;
```

Ana ci gaba da karatu da rubutu yayin da ake gina ta, amma aikin yana buƙatar riƙe teburin na ɗan ƙanƙanin lokaci a farko da ƙarshe. Idan akwai wata ma'amala (transaction) da aka buɗe aka manta ba a rufe ba, ALTER zai tsaya jiran ta, duk sauran tambayoyi su yi layi a bayansa, shafi ya tsaya cak. Ka duba `information_schema.innodb_trx` kafin ka fara, ka kuma tabbatar kwafin ajiyarka na kwanan nan ne. Ga tebura masu girman gaske akwai `pt-online-schema-change` da `gh-ost`.

Saituna, da iyakar amfaninsu

Na bar su zuwa nan da gangan, domin mutane suna ɓata kwanaki suna kwafo saitunan my.cnf daga intanet alhali matsalar tana cikin tambaya ɗaya. Uku ne suka cancanci dubawa. `innodb_buffer_pool_size` yana zuwa da 128MB, wanda ya yi kaɗan ga kusan kowane aiki na gaske; a sabar da MySQL kaɗai ke ciki ana ba shi kashi 70 zuwa 80 na RAM, a wadda ake rabawa da PHP kuwa ƙasa da haka sosai. Sai dai wannan maganin `wa` ne. Tambayar da ke karanta teburi duka za ta ci gaba da cin furosesa ko da teburin yana cikin RAM.

`max_connections` yana zuwa da 151, kuma idan saƙon `Too many connections` ya bayyana, hannu yakan yi saurin mayar da shi 1000. Idan furosesa ta riga ta cika, hakan ƙara yawan masu rububi ne a kan ƙwayoyin da ba su ƙaru ba, kowa ya ƙara jinkiri. Gara a taƙaita daga sama, a `pm.max_children` na php-fpm. Na ukun shi ne `query_cache`, wanda aka cire gaba ɗaya daga MySQL 8.0 saboda yana sa zaruruwa jiran juna. A MySQL 5.7 da MariaDB yana nan, kuma a sabar mai yawan rubutu kashe shi ya fi alheri. Ita kanta 5.7 tallafinta ya ƙare a Oktoban 2023, wanda ke kanta ya fara shirin ƙaura.

Idan babu tambaya ɗaya mai laifi

Wani lokaci kowace tambaya tana bin fihirisa, yawansu ne ya wuce hankali. Ka duba kundin Nginx ko Apache ka ƙirga adiresoshin da suka fi yawan shigowa. Bot da ke kwasar shafuka ko mai gwada kalmomin sirri a `wp-login.php` yana iya zama rabin aikin sabar. Ka kuma duba ko manhajar tana tura tambaya ɗaya don kawo jerin ɗalibai 200, sannan ƙarin tambaya 200 don kawo ajin kowannensu. A Laravel ana gyara wannan da `with()`. Abin da ba ya canzawa kowane minti, kamar jerin darussa ko shafin farko, a ajiye shi a Redis ko Memcached.

Idan kuma matsalar tana zuwa a lokaci ɗaya kullum, musamman cikin dare, ka duba `crontab -l` na kowane mai amfani da kuma `/etc/cron.d`. Sau da yawa mysqldump ne da rahoton dare da matse fayiloli aka tara a minti ɗaya. Ka raba lokutansu, ka kuma sa wa mysqldump `--single-transaction` idan teburanka na InnoDB ne. Kunshin sysstat yana ajiye tarihin furosesa kowane minti 10, `sar -u` ke nuna shi. A Debian da Ubuntu sai an kunna shi a `/etc/default/sysstat`, kuma ya kamata a yi hakan tun kafin a shiga matsala.

Mai PostgreSQL zai bi wannan hanyar da wasu sunaye: `pg_stat_activity` a madadin jerin da ke gudana, `pg_stat_statements` don lissafin jimla, `pg_cancel_backend` don tsayar da tambaya. Nasa ma ya fi sauƙi ta wani ɓangare, domin kowane haɗi aiki ne mai lambarsa a top, kuma ita ce lambar da ke ginshiƙin `pid`.

Gwajin gyara

Ka canza abu ɗaya a lokaci guda. Bayan kowane canji ka share teburin ƙididdiga, ka jira tsawon lokacin da ka jira a farko, a irin lokacin da jama'a suke da yawa, sannan ka kwatanta layukan da aka duba da `us` a top da `Threads_running`. Saitin da ka yi da `SET GLOBAL` yana ɓacewa idan aka sake kunnawa, don haka ka rubuta shi a my.cnf, ko ka yi amfani da `SET PERSIST` a MySQL 8.0. Idan tambayoyi goman farko duk suna bin fihirisa, layukan da suke dubawa sun yi kusa da waɗanda suke bayarwa, an toshe bot, kuma har yanzu furosesa tana cika a lokacin cunkoso, a nan ne ƙarin ƙwayoyi ya cancanci kuɗinsa, ko a fitar da MySQL zuwa sabarta ita kaɗai, ko a kafa kwafi na biyu da rahotanni za su riƙa karatu daga gare shi.